Daga Telkom zuwa Zenzeleni: tarihin isar intanet mai sauri a Mankosi, karkarar Afirka ta Kudu

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin yadda intanet mai sauri ya isa Mankosi, wani gungun ƙauyuka 12 mai mutane wajen 6,000, da ke gaɓar tekun Indiya a lardin Kap ta Gabas. Abin da muke nufi da intanet mai sauri shi ne haɗin da ke buɗe dare da rana, wanda ke iya ɗaukar murya da hoto da manyan takardu ba tare da jinkiri ba.

Dalilin zaɓen Mankosi shi ne, cikin shekaru ashirin kacal an gwada dabaru uku daban-daban don kai sadarwa irin wannan yanki: an ɗora nauyin a kan babban kamfanin ƙasa, sa'annan a kan ƙananan kamfanoni, daga ƙarshe mutanen wurin suka ɗauki abin da kansu. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa na'ura ba ita ce ta raba waɗannan dabaru ba. Abin da ya raba su tambayoyi biyu ne: wa ya mallaki hanyar sadarwar, kuma wa ke yanke farashinta?

1. Gadon Transkei

Mankosi na cikin ƙasar Mpondo, wadda Turawan Kap suka haɗe da mulkinsu a 1894. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar Afirka ta Kudu, dokar 1936 ta ƙara rabon zuwa wajen kashi 13. Yankin Transkei na cikin waɗannan keɓaɓɓun wurare. A 1976 gwamnatin wariyar launin fata ta ba shi "ƴancin kai", da babban birni a Umtata, wanda a yau ake rubutawa Mthatha. Ba wata ƙasar duniya da ta amince da wannan ƴanci, ban da Afirka ta Kudun kanta. A 1994 aka maido da yankin cikin ƙasa.

Aikin da tsarin wariya ya tanadar wa Transkei shi ne samar da ƴan ƙwadago. Majiya ƙarfi na tafiya ma'adinan zinari na kewayen Johannesburg ko masana'antun birane, a bar tsofaffi da mata da yara a gida suna jiran abin da za a aiko. Wannan ya bar gado iri biyu. Na farko, ba a shimfiɗa hanyoyi da lantarki da wayar tarho yadda ya kamata ba, domin ba a ɗauki mutanen a matsayin masu saye ba. Na biyu, kusan kowane gida na da nasa a nesa. Ke nan wurin da ya fi ko'ina buƙatar sadarwa shi ne aka fi hana wa ita.

2. Dabara ta farko: nauyi a kan babban kamfani (1997-2002)

Sabuwar gwamnati ta kafa dokar sadarwa a 1996. A 1997 ta sayar da kashi 30 cikin 100 na kamfanin Telkom ga haɗakar Thintana, watau kamfanin SBC na Amurka da Telekom Malaysia. An yi ciniki kamar haka: Telkom zai riƙe tarhon girke shi kaɗai, ba abokin gasa, har shekaru biyar, shi kuma zai ja sababbin layuka fiye da miliyan biyu da rabi, mafi yawansu a wuraren da aka bari a baya.

An ja layukan, amma kafin wa'adin ya cika a 2002 an riga an yanke mafi yawansu. Kuɗin haya na wata-wata da na kiran cikin gida sun yi ta hawa, alhali gidan da ke rayuwa da kuɗin tallafin tsofaffi ko da aiken ɗa ba ya iya ɗaukar bashin da ke zuwa kowane ƙarshen wata. An ƙidaya layukan da aka ja, ba a ƙidaya waɗanda suka ɗore ba.

A daidai wannan lokaci wayar salula ta shigo. Vodacom da MTN sun fara aiki a 1994, kuma tun 1996 aka soma sayar da katin da ake biya kafin a yi kira. Wannan tsari ya dace da aljihun talaka, domin mutum na sayen abin da yake iyawa ranar da yake da shi. Amma sayen kaɗan-kaɗan ya fi tsada in aka tara lissafi, kuma da zamanin intanet ya zo wannan tsada ta biyo shi.

3. Dabara ta biyu: ƙananan kamfanoni (2001-2008)

Gyaran dokar da aka yi a 2001 ya fito da wani sabon izni na musamman don yankunan da ba su kai layin tarho 5 ga mutum 100 ba. An ware yankuna 27, aka fara ba da iznin a 2004. Manufar ita ce ƴan kasuwar yankin su kafa ƙananan kamfanoni, da ɗan tallafi daga asusun gwamnati.

Wannan ma bai yi nisa ba. Iznin ya zo a makare, lokacin da manyan kamfanonin salula suka riga suka kama masu saye. Tallafin bai isa gina hanyar sadarwa ba. Sa'annan duk kiran da zai fita yankin sai ya bi ta hanyar manyan, a kan farashin da ƙaramin ba shi da ta cewa a ciki. Da yawa daga cikinsu sun koma dillalan manyan kamfanoni, wasu kuma sun rufe.

Sai dai wasu sauye-sauye na waɗannan shekaru sun buɗe ƙofar da ba a yi tsammani ba. Dokar 2005 ta ba hukumar kula da sadarwa, ICASA, ikon yafe wa wasu ƙananan hanyoyi neman izni. A 2008 kotu ta yanke, a shari'ar kamfanin Altech, cewa masu sayar da intanet na iya gina hanyarsu da kansu. A 2009 kuma wayar ƙarƙashin teku ta Seacom ta sauka a Mtunzini, farashin sarin intanet ya soma faɗuwa. Intanet ya yi sauƙi a birni. Saura mai ɗauko shi zuwa ƙauye.

4. Dabara ta uku: Zenzeleni

A 2012 masu bincike na Jami'ar Kap ta Yamma, cikinsu har da Farfesa Bill Tucker da Carlos Rey-Moreno, suka haɗa kai da wani ɗan asalin Mankosi, Masibulele Siya, da kuma hukumar gargajiya ta wurin. An ɗora ƙananan na'urorin Wi-Fi a kan wasu gidaje da aka zaɓa, kowace na miƙa saƙo ga ta kusa da ita, har aka zagaye ƙauyukan. Da yake a lokacin kusan duk gidajen ba su da lantarki, an haɗa kowace na'ura da allon hasken rana da batir.

Abin lura shi ne, kuɗin farko da aikin ya samu ba daga sadarwa suka fito ba, daga cajin waya ne. Mutane na kawo wayoyinsu gidajen da ke da batir, su biya ƙasa da abin da suka saba biya. Kiran kyauta tsakanin ƙauyukan kuwa bai wadatar ba, kuma tarihin da muka gani a sashe na ɗaya ya bayyana dalili: maƙwabci ana iya taka ƙafa a same shi, wanda ake so a ji muryarsa yana Johannesburg ko birnin Kap. Binciken jami'ar ya nuna cewa mutanen Mankosi na kashe wajen kashi 22 cikin 100 na abin da suke samu a kan sadarwa.

A 2014 aka yi wa aikin rajista a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Zenzeleni, kalmar da a harshen Xhosa ke nufin "ku yi wa kanku". A shekarar ce ICASA ta yafe mata neman izni. Daga 2017 aka jawo intanet mai sauri daga Mthatha, inda wayar zaren gilashi ta tsaya, ta hanyar eriyoyi da aka kafa a kan tuddai, kowace na hangen ta gabanta. Ƙungiyar na saye da sari, ta raba wa jama'a: a shekarun farko mutum na biyan rand 25 ya yi amfani wata guda ba iyaka a wuraren da Wi-Fi ke kaiwa. Makarantu da ƴan kasuwa na biyan nasu farashin daban, wanda ya fi haka, su ne kuma ginshiƙin kuɗin shiga. Daga baya aka kafa ƙungiya ta biyu a yankin Zithulele.

5. Iyakar abin

Bai kamata a mai da wannan tarihi tatsuniya ba. Kayan farko da horon ma'aikata sun fito ne daga jami'a da masu ba da tallafi, na gida da na waje. A 2017 sai da aka kafa wata cibiya ta dabam, wadda ba ta neman riba, don ta riƙa taimaka wa ƙungiyoyin wajen shari'a da lissafi da fasaha, abin da ke nuna cewa ƙauye shi kaɗai ba ya iya ɗaukar dukan nauyin. Wi-Fi ba ya kaiwa kowane gida, kuma wanda ba shi da babbar waya ba ya cin moriyarsa. Har ila yau, Zenzeleni ba ta maye gurbin kamfanonin salula ba, kusa da su take aiki. In ba don wayar zaren gilashi da wasu suka ja har Mthatha ba, da ba abin da za ta ɗauko.

Kammalawa

A dabara ta farko, mai hanyar da mai yanke farashi duk kamfani ɗaya ne da ke nesa, wanda ke da masu hannun jari da zai biya. A ta biyu, an ba ɗan yankin izni amma an bar farashi a hannun manya. A ta uku ne kawai masu biya suka zama masu abin, suka yanke farashin daidai da aljihunsu, rarar kuma ta tsaya a wurin. Wannan bai samu ba sai da abubuwa uku suka haɗu: doka ta ba da dama, farashin sari ya sauka, aka kuma sami amana tsakanin jami'a da hukumar gargajiya da jama'a.

Ga mai bincike a Nijar, inda cin rani ya raba gidaje da ƴaƴansu kamar yadda ƙwadagon ma'adinai ya yi a Transkei, akwai tambayar da ta cancanci nazari. Ƙungiyoyin haɗin gwiwar da muka sani tun kafa UNCC a 1962, daga sama aka tsara su, hukuma ce ta kawo su ƙauye. Ta Mankosi kuwa, ko da yake baƙi ne suka kawo na'urar, mutanen wurin ne suka riƙe asusu. Duk wanda zai rubuta tarihin isar intanet a ƙananan garuruwanmu, kada ya tsaya ga ƙidayar kilomitocin waya da yawan eriyoyi. Ya tambaya nawa ne ke aiki bayan shekaru biyar, wa ke gyara su in sun lalace, kuma ina kuɗin da manomi ya biya ke kwana.