Layin Dogo na Gusau da Dangantakarmu da Ƙasar Nijar

Duk wanda ya dubi taswirar layin dogo ta Nijeriya zai ga wani reshe da ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya shigo Tsafe, ya iso Gusau, ya wuce ta ƙasar Bunguɗu wajen Nahuce, sannan ya tsaya cak a Ƙauran Namoda. Tsawonsa kimanin kilomita 220 ne. Jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, ya kai Ƙaura a 1929, kuma tun daga wannan shekara ba a ƙara masa ko taku ɗaya zuwa arewa ba. Abin da nake son in nuna a wannan babi shi ne, ko da yake dogon bai taɓa ƙetare iyaka ba, tarihinsa ba ya cika sai an ambaci Nijar.

Dangantakar ta girmi jirgin nesa ba kusa ba. Yankin Tsafe da Gusau shi ake kira Katsinar Laka, wato kudancin tsohuwar ƙasar Katsina, kuma 'Yandoto da ke kusa da Tsafe gari ne na malamai tun kafin jihadi. A 1806 Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto da yaƙi, bayan haka Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau. Su kuwa sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora, arewa suka nufa, inda Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa suka kafa Tsibiri a kusa da su bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan gida ɗaya ne ya rabu biyu: akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, akwai kuma Sarkin Katsinan Gusau. Zaman bai kasance na lumana kullum ba. Hare-hare sun dami wannan yanki a ƙarni na 19, har mutanen Gusau suka taɓa zama a Wonaka da Rawayya kafin su komo. Amma yaƙi bai hana fatauci ba. Gishiri da kanwa da dabbobi na gangarowa daga arewa, hatsi da tufafi da goro na hawa.

Turawa ne suka mai da wannan rabuwa ta zama iyaka a takarda. Ingila da Faransa sun yi ta ja-in-ja a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamomi. Maraɗi da Tsibiri da Birnin Ƙonni suka faɗa hannun Faransa, mu kuma muka faɗa Lardin Sakkwato na Ingila.

A nan ne ya kamata malaman makaranta su lura. Turawan Ingila ba su shimfiɗa dogo domin su sada zumunci tsakanin Katsinawan kudu da na arewa ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke so su kai bakin teku a Ikko. Jirgi ya isa Kano a 1911, aka ga yadda noman gyaɗa ya bunƙasa, sai aka miƙa rassa biyu zuwa inda ake sa ran samun kaya: namu na Ƙaura, da na Nguru wanda aka gama a 1930. Dukansu biyu sun doshi iyakar Faransa, dukansu kuma sun tsaya kafin su kai gare ta. A ganina wannan ba haɗari ba ne. Kan dogon yana kallon arewa, amma cikinsa kudu yake zubawa.

Duk da haka, ƙasar da Faransa ta mallaka ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa ko ɗaya. Hanya mafi sauƙi ga gyaɗar Maraɗi da Damagaram ita ce ta shigo Nijeriya ta hau tarago. Mafi yawanta Kano take nufa, amma Ƙaura ma ta samu rabonta, domin daga can akwai hanya ta Zurmi zuwa Jibiya da Maraɗi, akwai kuma ta Shinkafi da Isa da Sabon Birni zuwa cikin Gobir ta Faransi. Inda ƙarfe ya ƙare, sai raƙumi da jaki suka karɓa, daga baya motocin ɗaukar kaya suka gaje su. Bugu da ƙari, mutane sun fi kaya yawa a kan waɗannan hanyoyi: 'yan ci-rani, da masu gudun harajin Faransa da aikin tilas, da almajirai, da Buzaye masu raƙuma. Da yawa sun zo neman kuɗin rani ɗaya, suka yi aure suka zauna.

Gusau ce ta fi kowa cin moriya. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da wuraren awon gyaɗa, aka kafa injin gurzar auduga, Sabon Gari ya cika da Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa. Garin da bai kai Sakkwato daraja a sarauta ba ya zama cibiyar kasuwancin lardin baki ɗaya, kayan Sakkwato kansu a tashar Gusau ake sauke su. Masaƙar Zamfara ta shekarun 1960 da matatar man gyaɗa duk a kan wannan tushe suka tsaya. Tsafe da Nahuce kuwa ƙananan tashoshi ne na lodin amfanin gona.

Faransawa ba su ji daɗin ganin arzikin ƙasarsu yana bi ta hannun Ingila ba. Daga 1953 suka ɓullo da wani tsari na ɗaukar gyaɗar Nijar a mota zuwa Faraku ta ƙasar Dahome, inda nasu dogon ya tsaya tun 1936, daga nan jirgi ya kai ta Kwatano. Hanyar ta fi nisa, sai da tallafi ta yiwu, amma siyasa ta fi lissafi ƙarfi. Sauran kuma farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa. Da kaya suka ragu, kwalta kuma ta yi kyau, sai jirgin ya riƙa ja da baya, har aka wayi gari samarinmu sun san dogo a matsayin abin da ake tsallakawa a hanyar kasuwa.

An sha zana taswirar ƙarasa layin daga Ƙaura zuwa Sakkwato da Illela har Birnin Ƙonni, amma ba ta wuce takarda ba. A can ma, layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar sufuri ba. Da aka tashi haɗa ƙasashen biyu da ƙarfe, a watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal. An tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, bai taɓa ƙasar Zamfara ba. Faɗinsa kuma ƙafa huɗu da inci takwas da rabi ne, alhali namu ƙafa uku da inci shida ne. Ko da an miƙa reshe daga Ƙaura zuwa Jibiya, taragon da ya tashi daga Gusau ba zai hau wancan layi ba sai an sake shimfiɗa namu tun daga Zariya.