Harafi Ɗaya Cikin Ɗigo Biyu

Yau a ƙauyukan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji da ke Nijar, ba mai mamakin ganin masu rigakafi da akwatin ƙanƙara, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. Abin da ke cikin kwalbar nan ƙwayar shan inna ce da ranta, an dai karya mata lago.

Mu koma shekarun 1950. A Cincinnati ta Amurka, Albert Sabin ya yi ta renon ƙwayar a tsokar birai, zuriya bayan zuriya, yana zaɓen wadda ke zama a hanji amma ba ta iya illata laka. Ya ga ta yi laushi, dalilin kuwa bai sani ba. A 1959 aka ba miliyoyin yara ita a Tarayyar Sobiyet.

Sai a shekarun 1980 aka karanta kundin halittarta mai haruffa kusan 7,500. Ashe mafi yawan laushin ya rataya ne a kan harafi ɗaya a kowane ɗaya daga nau'o'in ƙwayar uku: gurbi na 480 a na farko, 481 a na biyu, 472 a na uku. Canjin yana sassauta wani ƙulli da ƙwayar ke dogara da shi wajen hayayyafa cikin jijiya. Amma ƙwayar gwanar kuskure ce wajen kwafar kanta. A 1985 aka nuna harafin 472 yana komawa yadda yake cikin 'yan kwanaki a hanjin yaro. Inda yara suka sha ɗigo, ba ta samun masauki. Inda aka tsallake gidaje da yawa, sai ta bi bahaya daga wannan yaro zuwa wancan har ƙarfinta ya dawo.

Mun gani. Kano ta dakatar da rigakafi a 2003, kuma cuta ba ta tsayawa a kan iyakar Katsina da Maraɗi. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da shan inna ya yi kaka-gida a 2006, amma tun 2005 nau'i na biyu da ya rikiɗa daga ɗigon ke shanye yara a arewacin Najeriya. An cire nau'i na biyu daga kwalba a Afrilun 2016, yaran da aka haifa bayan nan suka tashi da ƙarancin kariya, a 2018 kuwa wani rikiɗaɗɗen nau'i na biyu ya tsallako daga Jigawa zuwa Damagaram.

Sabon ɗigon nau'i na biyu, nOPV2, ya fara aiki a Maris 2021. Wannan karon da gangan aka sake ɗaure ƙullin, yadda kuskuren harafi ɗaya ba zai isa ya mayar da ita gidan jiya ba.