Shanyewar ɓarin jiki: Nauyin jinya a kan iyali

Shanyewar ɓarin jiki ciwo ne da kan auka wa mutum cikin 'yan mintoci, amma jinyarsa kan ɗauki watanni ko shekaru, kuma galibi a gida ake yin ta.

Ciwon na faruwa ne idan jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe.

Ƙungiyar yaƙi da ciwon ta duniya ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa.

Hawan jini

Wani bincike mai suna SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba wajen haddasa ciwon.

Sakamakon, wanda aka wallafa a 2018, ya ce kusan kashi ɗaya bisa uku na majinyatan jijiya ce ta fashe masu. Ya kuma ambaci ciwon sukari da yawan gishiri da ƙarancin cin ganye.

Sa'o'in farko

Alamomin dai sun haɗa da karkacewar baki, da mutuwar hannu ko ƙafa a gefe guda, da sarƙewar harshe.

A gidaje da dama akan danganta wannan da iska ko sammu, a yi kwanaki ana neman magani a gida. Likitoci kuwa na cewa a garzaya asibiti nan take, domin hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance toshewa da fashewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Haka kuma suna gargaɗin kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko kunu ko rubutu kafin a tabbatar yana iya haɗiya, saboda abin kan iya zarcewa huhu ya haddasa masa wani ciwon.

Daga Tudun Wada zuwa Shika

Shekaru da dama a Tudun Wada asibitin koyarwa na Zariya yake, kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005.

Ga iyalin da ke Tudun Wada, zuwa Shika na nufin ratsa Samaru da mutumin da ba ya iya hawa babur, wato sai an yi shatar mota ko Keke Napep, sannan wani ya ajiye sana'arsa ya raka shi.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a suke fitowa, ko da yake dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Don haka wasu kan daina zuwa gashin ƙashi da zarar kuɗi sun ƙare, alhali a watanni uku zuwa shida na farko ne jiki ya fi farfaɗowa.

Jinya a gida

Majinyacin da ba ya iya motsi na bukatar a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, a kuma tabbatar shimfiɗarsa a bushe take, don kada gyambo ya fito masa a baya ko ƙugu.

Ana son a riƙa motsa masa gaɓoɓi kullum yadda ma'aikatan gashin ƙashi suka nuna, a kuma bar shi ya yi abin da zai iya da kansa, ko da riƙe cokali ne.

Maganin hawan jini kuwa ba a dakatar da shi don an ga sauƙi, domin wanda ciwon ya taɓa kamawa na cikin haɗarin sake kamuwa.

Kimanin kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka rayu kan faɗa cikin matsananciyar damuwa, musamman magidancin da ya saba ciyarwa ya koma ana ciyar da shi. Wanda maganarsa ta sarƙe sau da yawa yana fahimtar abin da ake faɗi, saboda haka bai dace a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan ba.

Mai jinya

'Yan dubiya kan cika gida a makonnin farko, daga nan sai ƙafa ta ɗauke, a bar matar gida ko wata 'ya da wanka da wanki da rashin barci. Wata ma har takan bar makaranta ko sana'a.

Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyalin da suka zauna tun farko suka raba kwanaki, suka tsayar da mai sayen magani da mai kai wa asibiti, sun fi iya jure doguwar jinya.

Kuma tun da hawan jini kan bi dangi, ya kamata 'ya'ya da 'yan'uwan majinyacin su ma su riƙa zuwa awon jininsu.