Jan Layi a Littafin Sa Hannu

Duk wanda ya yi aiki a ofishin magatakarda na wata jami'ar tarayya a Najeriya kafin zuwan kwamfuta ya san littafin nan mai kaurin bango da ake girkewa a bakin ƙofa. Akawu, masinja, mai buga tafireta, kowa ya rubuta sunansa da lokacin isowa. Lokaci na cika, babban akawu ya zaro jan biro ya ja layi. Wanda ya faɗo ƙasan layin sai ya fara haɗa uzuri. Dabara kuwa ba ta ƙarewa: mai sammako yakan bar wa abokinsa gurbi, wani ma ya ƙware a sa hannun mutum uku.

Malamai dai littafin bai taɓa kama su ba, kuma da dalili. Wanda ya kwana yana duba kundin ɗalibi, ko ya yi mako a ƙauye yana bincike, wane layi za a ja masa? Shi ya sa aka bar sa ido a hannun shugaban sashe, hutu kuma a cikin fayil: na shekara, na ƙaro karatu, da hutun shekara guda bayan shekara shida na aiki, wanda malami kan je ya koyar a wata jami'ar. Fayil ɗin kan bi tebur-tebur, wani sa'in kafin amincewa ta fito mai hutun ya riga ya dawo.

Wannan sassaucin ne ya yi karo da IPPIS, tsarin biyan albashi daga Abuja da aka fara a 2007. A 2019 Shugaba Buhari ya ce kowane ma'aikacin tarayya ya shiga, don a kakkaɓe ma'aikatan bogi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce atafau: tsarin bai san malamin wucin gadi ko mai hutun shekara guda ba. Ta ma ƙera nata, UTAS.

Lissafin kwanaki ya fi ciwo a 2022. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas da ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, gwamnati ta ƙirga kwanakin da aka yi aiki a watan, ta biya malamai kusan rabin albashi, tamkar 'yan ƙwadago.

A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire jami'o'i daga IPPIS. Littafin bakin ƙofa kuwa yana nan a ofisoshi da dama, wasu a gefen na'urar ɗaukar hoton yatsa da ke jiran a kawo wuta.