Rotadam: Yadda 'Yan Sari Suka Tashi Bayan Wutar 1940

Da yawa daga cikinmu sun san sunan Rotadam a takardun kaya tun kafin su san inda garin yake. Madarar gari da injuna da wasu kayan da ake sauke mana a Kwatano da Lome, akwai waɗanda daga can aka yi lodinsu. Rotadam tana ƙasar Holan, kusa da inda kogin Rhine yake shiga teku, kuma ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai. 'Yan uwanmu da fatauci ya kai su can sukan dawo da magana ɗaya: garin bai yi kama da tsofaffin biranen Turai ba. Tituna ne masu faɗi da dogayen benaye na gilashi da ƙarfe, ga gidajen nan masu siffar akwati da aka kafa a karkace a 1984, ga gadar Erasmus ta 1996. Dalilin haka yana cikin tarihi, kuma tarihin ya shafi 'yan kasuwa irinmu.

Ranar 14 ga Mayu 1940, a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka yi wa tsakiyar garin ruwan bama-bamai. Harin bai daɗe ba, amma gobarar da ta biyo baya ta yi kwanaki tana ci. Ɗaruruwan mutane suka mutu, gidaje kusan 25,000 suka ƙone, mutane wajen 80,000 suka rasa wurin kwana. Kashegari Holan ta miƙa wuya. Gine-gine kaɗan ne suka tsira a tsakiyar gari, kamar ofishin magajin gari da babban gidan waya. A watan Satumba 1944 kuma sojojin Jamus suka farfasa matsayar jiragen ruwa da injunan ɗaga kaya, don kada abokan gaba su amfana da su.

Kwana huɗu bayan harin, hukumar gari ta ba wa mai tsara birnin, Witteveen, aikin zana sabon gari. Aka karɓe filayen da suka ƙone gaba ɗaya. Ba a ba masu su kuɗi a hannu ba: an rubuta haƙƙin kowa a wani babban littafi na gwamnati, a kan za a biya shi idan ya tashi sake gini. Aka kwashe ɓaraguzai, har aka cike wasu hanyoyin ruwa na cikin gari da su, aka kafa wa masu kantuna shagunan wucin gadi don kada ciniki ya mutu. Amma a 1942 Jamusawa suka hana gine-gine, aiki ya tsaya cik. Bayan yaƙi, a 1946, aka amince da sabon tsari na Van Traa, wanda ya bar maganar maido da tsohon gari yadda yake. Tashar jiragen ruwa aka fara gyarawa kafin gidaje, domin daga nan abincin kowa yake fitowa.

Wanda ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Rotadam, daf da ita zai ga wani ƙaton gini na kankare, tsawonsa ya wuce mita 200. Sunansa Groothandelsgebouw, wato Ginin 'Yan Sari. Manyan 'yan kasuwar garin sun yi asarar sito da ofisoshi a gobarar, kuma yawancinsu ba su da ƙarfin sake gina nasu su kaɗai. Sai suka haɗa kai a kan gini guda da zai ɗauke su duka, kowa da wurin ajiya da wurin nuna kaya da ofis. Mai zanen, Maaskant, ya je Amurka ya duba irin wannan gini a Chicago. An yi hanyar mota a cikin ginin, yadda babbar mota za ta shiga ta sauke kaya ba tare da ta tare titi ba. An buɗe shi a 1953. A shekarar ne kuma aka buɗe Lijnbaan, layin kantuna da aka hana motoci shiga: masu saye suna tafiya a ƙasa ta gaba, kaya kuma ana sauke su ta bayan shago.

Daga nan tashar ta yi ta faɗaɗa zuwa bakin teku. A 1962 ta zama mafi girma a duniya, ta riƙe wannan matsayi har 2004. A 1966 jirgin kwantena na farko ya iso daga Amurka, abin da daga baya ya canza yadda mu ma muke karɓar kayanmu.

Sai dai sabon garin ya zo da nasa rashi. Tsarin 1946 ya raba wurin kwana da wurin ciniki, aka kai yawancin gidaje bayan gari. Da an rufe shaguna sai tsakiyar gari ya yi tsit. Tsofaffin lungunan da mai shago yake kwana a saman shagonsa sun tafi ke nan. Tun daga shekarun 1970 hukuma take ƙoƙarin maido da mazauna. Rufaffiyar kasuwar Markthal da aka buɗe a 2014 tana cikin wannan gyara: rumfunan abinci a ƙasa, gidajen kwana a jikin ginin.

Mu ba bam ne ya cinye mana kasuwanni ba, amma mun san wuta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka koma sabuwa. Ta Lome da ta Kara sun ƙone a Janairu 2013, ta Sabon Gari a Kano a 2016. Duk wanda ya ga irin wannan rana ya san rigimar da ke biyo baya: wa ke da wace rumfa, nawa ne kayan da ke ciki, wa zai samu wuri idan an sake gini. Mutanen Rotadam sun rubuta haƙƙin kowa tun toka ba ta huce ba, sun samar da wurin ciniki na wucin gadi, waɗanda kuma ba su iya gini su kaɗai suka yi shi tare.

A wannan lokaci na bikin cikar shekarun ƙungiya, ya kamata mu duba littafinmu. Shin sunan kowane ɗan ƙungiya da lambar rumfarsa da takardar hayarsa suna rubuce? Akwai kwafi a wani wuri da ba cikin kasuwa ba? Idan hukuma ta zo da zanen sabuwar kasuwa, wa zai zauna a madadinmu ya ga an bar wa ƙaramin ɗan tireda wuri, an kuma bar hanyar da motar kaya da ta kashe gobara za su shiga? A yi wannan aiki tun rumfuna suna tsaye. Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a nema.