Daga Mai Shagon Haya Zuwa Netflix: Tarihin Na'urar da Ke Zaɓa Mana Abin Kallo

A zamanin da tashar talabijin ɗaya ce a gari, kuma sai da yamma take buɗewa, babu mai tambayar wane shiri ne ya dace da ra'ayinsa. In lokacin Samanja ya yi, Samanja kowa zai kalla, wanda ba ya so ya tashi ya ba wasu wuri. Wahalar zaɓi ta zo ne tare da kaset, da kuma shagunan haya. A nan aka samu gwanin farko na wannan sana'a, wato mai shagon da ya san fim ɗin da ka ɗauka makon jiya, ya ga fuskarka lokacin da ka dawo da shi, sannan ya miƙo maka wani yana cewa wannan sai ya fi burge ka. Duk abin da injiniyoyi suka yi daga 1992 zuwa yau ƙoƙari ne na kwaikwayon mutumin nan, amma ga kwastomomi miliyoyi a lokaci guda.

Abin bai ma faro daga fim ba. A 1992 wasu masu bincike a cibiyar Xerox PARC da ke Kalifoniya suka gina manhajar Tapestry don rage wa ma'aikata tulin saƙonnin da ke shigo musu. Dabarar ita ce kowa ya riƙa yin alama a kan abin da ya karanta ya ga amfaninsa, sauran su dogara da alamomin juna. Ni dai na fi son kiran dabarar da tankaɗen gayya: kowa ya kawo rariyarsa, a tace gari tare. A 1994 ayarin GroupLens, wanda ya kafu a Jami'ar Minesota, ya ƙara mataki mai muhimmanci. Ba sai ka san wanda kake bin ra'ayinsa ba; kwamfuta ce za ta nemo baƙin da makinsu ya yi kama da naka a baya, ta ɗauka cewa za ku sake yin daidai nan gaba. Amazon ya juya tunanin a ƙarshen shekarun 1990, ya koma kwatanta kaya da kaya maimakon mutum da mutum, domin dangantakar littattafai biyu ba ta saurin canzawa kamar halin ɗan Adam.

Netflix, wanda Reed Hastings da Marc Randolph suka kafa a 1997, a wancan lokacin haya yake bayarwa ta gidan waya, faifan DVD a cikin ambulan. Matsalarsa ta kasuwa ce tsantsa. Kowa sabon fim yake nema, sabon fim kuwa ga tsada ga ƙarancin kwafi, alhali dubban tsofaffi na jibge a sito. A 2000 kamfanin ya fito da Cinematch, manhajar da ke hasashen taurari nawa, daga ɗaya zuwa biyar, za ka ba fim ɗin da ba ka gani ba. Kenan tun ranar farko shawarar tana da iyayengiji biyu, mai kallo da mai sito.

Ranar 2 ga Oktoba 2006 kamfanin ya sa gasa: dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya rage kuskuren Cinematch da kashi 10 cikin ɗari. Ya saki maki 100,480,507 da mutum 480,189 suka ba fina-finai 17,770, bayan ya cire sunaye. Adadin yana da ban tsoro, amma a kwatanta shi da allon da aka jera masu kallo ta gefe, fina-finai ta sama. Gidajen allon sun haura biliyan takwas da rabi, waɗanda ke da maki a ciki kuwa kashi ɗaya da ɗan ɗoriya ne kacal. Aikin shi ne cike sauran. Kuskuren Cinematch ya kusa tauraro guda, wajen 0.95, ana so a sauko da shi zuwa wajen 0.86.

Cikin mako guda aka samu wanda ya wuce Cinematch, har wasu suka zaci kuɗin ba za su kai sabuwar shekara ba. Sai da aka shekara kusan uku.

Babban ci gaban farko ya fito ne daga wani mai rubuta manhaja da ke amfani da sunan aro Simon Funk. A Disambar 2006, yana cikin na gaba-gaba a gasar, ya bayyana dabararsa kyauta ga abokan hamayyarsa. Ga yadda take: a ba kowane fim jerin lambobi, a ba kowane mai kallo jeri irinsa, sannan kwamfuta ta yi ta gyara lambobin kaɗan-kaɗan har haɗuwar jerin biyu ta riƙa ba da makin da aka riga aka sani. Babu wanda ya gaya mata ma'anar lambobin. Amma da aka duba daga baya sai aka ga wata lambar ta raba fina-finan barkwanci da masu nauyi, wata ta ware na faɗa da na soyayya, wasu kuma har yau babu sunan da za a ba su. Da yawa daga waɗanda suka karanci kimiyyar kwamfuta bayan wannan lokaci sun ci karo da dabarar a aji, kuma abin da ke ba ni sha'awa shi ne gajartarta. Ba ta cika shafi biyu ba in an rubuta.

Ragowar tafiyar ta koya wa masu gasar halin mutane fiye da lissafi. Ayarin BellKor na AT&T, wato Robert Bell da Yehuda Koren da Chris Volinsky, ya lura cewa mutum ɗaya yana iya zama mai rowar maki bana, mai kyauta baɗi. Tsofaffin fina-finai sukan samu maki sama da sababbi. Wanda ya zauna ya ba fina-finai da yawa maki a rana ɗaya, daga tuni yake yi, ba daga kallon jiya ba. Kai, ko sanin waɗanne fina-finai mutum ya damu ya ba maki, ba tare da duba makin ba, yana tona ra'ayinsa. Akwai kuma irin su Napoleon Dynamite na 2004, waɗanda suka gagari kowa, domin mutanen da suka yi daidai a komai sukan rabu a kansu, wannan ya ba da biyar wancan ya ba da ɗaya.

A ƙarshen Yunin 2009 gamayyar ayari uku mai suna BellKor's Pragmatic Chaos ta tsallake kashi 10, aka buɗe kwana talatin na ƙarshe. Sauran masu gasar suka dunƙule a ƙarƙashin The Ensemble. Da aka rufe, ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki a 0.8567. Tazarar minti ashirin wajen miƙa amsa ce ta raba gardama, aka ba BellKor kuɗin a Satumba.

Netflix bai taɓa amfani da cikakkiyar amsar da ya saya ba. Injiniyoyinsa sun faɗi haka a 2012: sun ɗauki dabaru biyu daga sakamakon shekarar farko, sauran ɗaruruwan da aka cakuɗa kuwa ribarsu ba ta kai wahalar ɗora su ba. Gasa ta biyu ma ba ta yiwu ba. Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov na Jami'ar Tekzas sun nuna cewa cire suna bai ɓoye kowa ba: in ka san makin fim takwas da mutum ya bayar da kusan ranakun, ko da biyu kuskure ne, za ka iya ware shi daga cikin dubu ɗari huɗu da tamanin kusan kowane lokaci. Amurka kuwa tana da doka tun 1988 da ta hana fallasa abin da mutum ya yi haya, wadda aka kafa bayan wata jarida ta buga jerin kaset ɗin da alƙali Robert Bork ya ɗauka. Aka shigar da ƙara a Disambar 2009, kamfanin ya soke gasar a Maris 2010.

Babban dalilin watsi da amsar shi ne kasuwar ta riga ta sauya. Daga 2007 aka fara kallo kai tsaye ta intanet, kamfanin ya daina buƙatar tambayar ka. Yana ganin abin da ka danna, inda ka tsaya, da ƙarfe nawa ka kashe waya. Abin da mutane ke faɗa da abin da suke yi kuma ba ɗaya ba ne: a ba shirin tarihi taurari biyar, a kwana ana kallon barkwanci mai uku. YouTube ya koma auna tsawon lokacin kallo a 2012, Netflix ya cire taurari gaba ɗaya a 2017 ya sa babban yatsa sama ko ƙasa. A 2015 manyan injiniyoyinsa biyu sun rubuta cewa kusan kashi 80 na sa'o'in kallo daga shawarar na'ura suke fitowa, kuma mai neman abin kallo yakan gaji cikin daƙiƙa 60 zuwa 90.

A ganina nan ne aka yi musanya mai tsada. Tauraro, duk da ƙaryar da ke cikinsa, yana tambayar ko ka gamsu. Agogo kuwa zamanka kawai yake ƙirgawa. Shiri mai dogon zango shi ya fi cin ribar wannan ma'auni, tunda dacewa ɗaya tana jawo sa'o'i talatin, kashi na gaba kuma yana farawa da kansa kafin ka yanke shawara. Ba banza ba Netflix ya saki kashi 13 na House of Cards a rana ɗaya a Fabrairun 2013.

Mai kallon Hausa ya shigo wannan tarihi ne ta ƙofar YouTube, musamman daga 2020 da Labarina da Izzar So suka ja masana'antar Kannywood zuwa shiri mai dogon zango. Sai dai na'urar ba ta ganin mu sosai. Tana ɗauka waya ɗaya mutum ɗaya ce, alhali a gida ɗaya uwa ta kalli wa'azi, yaro ya kalli katun, yayansa ya kalli ƙwallo, duk da asusu guda. Sannan kaso mai yawa na kallonmu ba ya bi ta intanet ko kaɗan, saboda tsadar data: mutum ɗaya ya sauke, goma su karɓa ta Xender, ko a je shagon tura fina-finai a cika memori. Duk wannan ba ya shiga lissafin kowane kamfani, kuma yaron da ke zaune gaban kwamfutar shagon shi ake tambaya wane ne sabo mai kyau.