Daga Randa Zuwa Firji: Tarihin Iskar da ke Sanyaya Ruwan Kafanchan

Lokacin da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan ya haɗu da na Kaduna a 1927, randa ce firjin kowane gida. A girke ta a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi, a kifa mata faifai, matafiyi ya kamfata da moɗa ya yi hamdala.

A lokacin kuwa, firjin Turawa na aiki ne da iskoki masu guba irin su amoniya, waɗanda yoyonsu ya sha hallaka mutane. A 1928 Thomas Midgley na Amurka da abokan aikinsa suka samo maganin wannan matsala: iskar CFC, wadda aka yi ta sayarwa da sunan Freon ko R-12. Ba ta kama wuta, ba ta da wari. Duk da haka amoniya ba ta ɓace ba. Ita ce a cikin firji mai kananzir da lagwani, wanda ya daɗe yana adana allurar rigakafi a asibitocin karkara inda lantarki bai kai ba.

Ashe akwai lauje cikin naɗi. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗin cewa CFC na cinye ozon, rufin da ke tare mana mugun hasken rana. A 1985 aka gano ɓaraka a rufin nan a saman Antatika, a 1987 aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal, Najeriya ta shiga a 1988. Daga farkon 2010 aka rufe babin R-12 a ƙasashe masu tasowa. Magajiyarta, R-134a, ba ta taɓa ozon, amma ta ninka iskar kabon fiye da sau 1,000 wajen ɗumama duniya. Shi ya sa gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya tanadi rage ta sannu a hankali.

Yau yawancin sababbin firji na ɗauke da R-600a, 'yar'uwar gas ɗin girki. Masana sun kasa iskokin nan da harafi da lamba: A na nufin ƙarancin guba, B mai guba, 1 ba ta ci da wuta, 2L tsaka-tsaki ce, 3 kuwa ƙyas kaɗan take jira. R-134a tana A1, R-32 ta na'urar sanyaya ɗaki A2L, amoniya B2L, R-600a kuma A3.

Nan ne tarihin ya shigo shagon mai gyara. Leƙa irin waɗannan shaguna a Kafanchan, Zonkwa ko Kwoi: ga tsohon firji na hannu, ga sabo dal, ga tukwanen gas jere, ga yaro riƙe da wutar walda, ga mai zoɓo da lemon citta tana roƙon a cika mata gas kafin ranar kasuwa. A jikin kowace kwamfiresa akwai 'yar takarda mai sunan iskar da ta dace da ita. Wanda ya zuba wata daban na iya ƙona injin; wanda ya kunna walda alhali akwai sauran R-600a a bututu, ransa ya sa a caca. Uwargida ma kada ta ɓanɓari ƙanƙara da wuƙa, domin bututun na nan ƙarƙashinta.

Kakanninmu kan ƙwanƙwasa randa su saurari amonta kafin su biya. Mu ma mu juya bayan firji, mu karanta takardar nan kafin a taɓa shi.